Daga tafkin Nyos zuwa tankin gilashi: yadda horon wata ɗalibar fiziks ya kasance

Ɗalibar ta zo ɗakin gwajinmu ne a zangon horon sanin makamar aiki, watanni shidan nan da ake ba ɗaliban kimiyya bayan sun gama aji uku, wanda kowa ya fi sani da SIWES. Daga wata jami'ar ta zo. Akasarin 'yan ajinsu sun nemi kamfanonin sadarwa da gidajen rediyo, ita kuwa ta rubuto takarda tana neman a koya mata ilimin motsin ruwa da iska, ta kuma ce tana so aikinta ya shafi duwatsu masu aman wuta. Ranar da ta fara zuwa na tambaye ta abin da ya haɗa 'yar Takum da aman wuta. Ta ce, "Malam, a ƙaramar hukumarmu an gina madatsar ruwa saboda tsoron wani tafki da ba ma a ƙasarmu yake ba. Tun ina ƙarama nake jin zancen, ban taɓa samun wanda ya warware mini shi ba."

Madatsar Kashimbila take nufi, wadda ke kan kogin Katsina-Ala a jihar Taraba. Tafkin kuwa Nyos ne, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, kusa da garin Wum. Na rubuta wannan bayani ne domin masu karɓar ɗalibai irinta, musamman a ɗakunan gwajin da ba su da manyan na'urori, saboda na ga abin da ya yi aiki da abin da ya kusa ɓata mana wata biyu.

Sai an san abin da ya faru a Nyos sannan aikin nata zai yi ma'ana. Tafkin yana zaune ne a cikin ramin da fashewar dutse mai aman wuta ta bari, ɗaya daga cikin jerin irin waɗannan duwatsu da suka taso daga tsibiran Tekun Atlantika, suka bi ta Dutsen Kamaru, suka ratsa tsaunukan Adamawa, har reshensu ya kai tudun Biu a jihar Borno. Faɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma zurfinsa ya haura mita 200. Daga can ƙarƙashin ƙasa, iskar kabon-dayoksaid tana shiga ruwan ƙasan tafkin ta maɓuɓɓugai, tana narkewa a ciki. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara danniya daidai da ta iskar sararin da muke ciki, don haka a ƙasan Nyos danniyar ta ninka ta bakin tafki fiye da sau 20, kuma gwargwadon danniya gwargwadon iskar da ruwa zai iya shanyewa. Ruwan ƙasan ya fi na sama nauyi saboda gishirin ma'adinai da iskar da ke cikinsa, shi ya sa yake kwance abinsa shekara da shekaru ba ya gauraya. Kwalbar lemo ce rufaffiya, ruwan sama shi ne murfin.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta 1986, da dare, murfin ya buɗe. Wani abu ya ɗago ruwan ƙasa zuwa inda danniya ta ragu, kumfa ya fito, kumfan ya sa ruwan ya yi sauƙi ya ƙara tashi, ya jawo na ƙarƙashinsa, shi ma ya yi kumfa. Iskar da ta fita ta fi iskar shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta da launi, sai ta malala cikin kwaruruka kamar ambaliya, ta bi ta ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta yi kisa har nisan kilomita 25. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Washegari aka ga tafkin ya koma ja saboda ƙarfen da ruwan ƙasa ya taso da shi ya haɗu da iska, bakin ruwan kuma ya sauka da kimanin mita guda. Shekara biyu kafin nan, ranar 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot ya yi irin haka, ya kashe mutum 37. Masana sun yi ta jayayya, har a taron da aka yi a Yawunde a 1987: Haroun Tazieff na Faransa ya tsaya a kan cewa dutsen ne ya yi aman tururi daga ƙasa, akasarin sauran kuwa suka ce iskar da ta daɗe tana taruwa a ruwan ce ta kuɓuce. Awon da aka ci gaba da yi shekaru bayan haka, wanda ya nuna iskar tana sake taruwa a hankali, ya ƙarfafa ra'ayi na biyu.

A makon farko na yi kuskuren da masu kula da ɗalibai suka saba yi. Na ga ƙwazonta, sai na ɗora mata babbar tambaya: ta lissafa yadda iskar ta fita daga tafkin, da saurinta, da inda ta tsaya. Ta kwashe mako uku tana karatu, littafin rubuta ayyukanta na yau da kullum ya cika da taƙaita abin da wasu suka rubuta, babu awo ko ɗaya nata na kanta. Da na duba littafin na gane ni ne na ba ta abin da ya fi ƙarfin wata shida. Muka zauna muka datse tambayar ta koma guda ɗaya: idan ruwa mai nauyi yana malala a ƙarƙashin mai sauƙi, me ke ƙayyade saurin goshinsa, kuma gangare yana ƙara masa gudu ko a'a?

Wannan shi ne abin da masana ke kira kwararar nauyi, kuma ita ce mahaɗar fannonin biyu da ta nema. Iskar Nyos kwararar nauyi ce. Haka guguwar toka da tsakuwa mai zafi da ke gangarowa daga dutse mai aman wuta, irin wadda ta hallaka garin Saint-Pierre a tsibirin Matinik a 1902 da mutum kusan 28,000, da wadda ta kashe mutum 43 a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni 1991, cikinsu har da masanan nan miji da mata Maurice da Katia Krafft. Ko sanyayyar iskar nan mai ƙura da ke riga hadari isowa a farkon damina, ita ma danginsu ce. Ba wanda zai tsaya gaban ɗayansu da ma'auni, shi ya sa ake kwaikwayonsu da ruwan gishiri a cikin ruwan daɗi.

Tankin ba sayo shi muka yi ba. Wani mai yankan gilashi a kasuwa, wanda sana'arsa haɗa akwatunan da masu sayar da waya da masu kek ke baje kayansu a ciki, shi ya haɗa mana: tsawo mita 2, faɗi santimita 15, zurfi santimita 40. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda duk muke kira Baba, ya yanko ledar roba mai ƙwari ya yi ƙofa mai zamewa kusa da ƙarshe ɗaya. A cika bayan ƙofar da ruwan gishiri mai launi, a cika sauran da ruwan famfo, duka zuwa santimita 20, sai a zare ƙofar da sauri. Da farko ta rina ruwan da bula, amma bula gari ce da ke kwantawa, ta bar shuɗin layi a ƙasan tankin. Baba ne ya ce, "Ke 'yata, kawo zoɓo, kada ki sa masa sukari." Ta dafa, ta tace sau biyu, kofi ɗaya ya ishi bokiti. Da aka zare ƙofar a karon farko, jan ruwan ya durƙusa ya miƙe a ƙasan tankin, goshinsa ya yi tozo kamar kan gafiya, hancinsa a ɗage kaɗan daga gilashin, bayansa kuma yana naɗewa yana haɗiyar farin ruwa. Ta tsuguna ta bi shi da ido har ƙarshen tankin, ta manta ba ta kunna kyamarar wayar ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ana ɗaukar ƙarfin jan ƙasa, wato ƙarin gudun mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, a rage shi gwargwadon bambancin nauyin ruwan biyu. Idan ruwan gishirin ya fi na famfo nauyi da kashi 3 cikin 100, abin da ke tura shi bai wuce 0.29 ba. A ninka wannan da zurfin ruwan, a ɗauki saiwarsa (lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi), a raba biyu, kamar yadda Brooke Benjamin ya nuna a 1968 ga kwararar da ba ta asarar ƙarfi. A tankinmu amsar tana zuwa kusan santimita 12 a daƙiƙa. Na gaske yakan ɗan gaza haka saboda gogayya da gauraya. Ta liƙa ma'aunin tela a jikin gilashin, ta ɗora wayarta a kan tulin littattafai, ta riƙa bin goshin hoto bayan hoto da manhajar Tracker, wadda kyauta ce. Da gishiri mai yawa, sakamakon ya yi kyau: goshin ya yi ta tafiya da gudu guda ba ƙari ba ragi na wani tsawo, sannan ya fara sassautawa, daidai da matakan da Herbert Huppert da John Simpson suka bayyana a 1980.

Matsalar ta ɓullo ne da ta rage gishirin zuwa kashi 1 cikin 100. Gwaji iri ɗaya, gishiri awo ɗaya, amma yau santimita 6 da ɗoriya, gobe ya haura 7. Ta zargi ƙofar, Baba ya gyara. Ta zargi hannunta wajen zarewa, ta sa Baba ya riƙa zarewa. Abin bai daina ba. A nan ne na fi sa mata ido, domin a irin wannan gaɓa ce ɗalibi kan zaɓi gwaje-gwajen da suka dace da littafi ya share sauran, ba don mugunta ba, don tsoron kada a ce bai iya ba. Ita ba ta share komai ba, kuma tun ranar farko tana rubuta lokacin da aka yi kowane gwaji a gefen shafi, abin da ban ma ce ta yi ba. Wata ranar Laraba ta shigo ofis da littafin a buɗe. "Malam, duk waɗanda suka yi gudu na bayan azahar ne. Na safe kuma duk a hankali suke."

Watan Afrilu ne. Ruwan famfonmu daga baƙin tankin roba yake saukowa, wanda ke kan rufi yana shan rana tun hantsi. Ruwan gishirin kuwa da safe take haɗa shi a bokiti ta ajiye a inuwar ɗaki. Lita guda ta ruwa tana da nauyin giram 997 a zafin digiri 25, amma a digiri 35 giram 994 ce. Bambancin giram 3 ba kome ba ne idan gishirin ya ba da giram 30, amma idan giram 10 kawai ya ba da, zafin ya ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku a kan abin da ke tura kwararar, wato kusan kashi 14 cikin 100 a saurinta. Ruwa ba ya tsami banza. Maganin bai ci ko sisi ba: a tara ruwan a durom tun daren jiya, a ajiye shi ɗaki ɗaya da na gishirin, a tsoma ma'aunin zafi a kowanne kafin a zare ƙofa, a kuma auna nauyin kowanne a sikeli nan take maimakon dogaro da awon safe. Da ni ne na gaya mata tun farko, da an huta da mako biyu. Amma ban lura ba sai da ta nuna mini, kuma ina ganin waɗannan makonni biyun su ne mafi amfani a duk zamanta.

Sai batun gangare, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ta, tunda Nyos a kan tudu yake, ƙauyukan kuma a kwari. Ba a iya karkata tankin gilashi cike da ruwa, don haka muka jingina fallen roba a ciki, muka cika tankin, muka riƙa sako ruwan gishirin daga sama ta tiyo, daga bokitin da ake ƙara masa ruwa a kai a kai don kada ƙarfin zubarsa ya ragu. Ta gwada gangare mai digiri 5, da 10, da 20. Kafin a fara na sa ta rubuta hasashenta, ta rubuta cewa na digiri 20 zai ninka na digiri 5 gudu. Da aka auna, bambancin bai kai ya kawo ba. Ta ɗauka wani sabon kuskuren ne, ta sake duba zafi, ta sake duba sikeli, ta maimaita. Sai da ta gaji na nuna mata cewa Rex Britter da Paul Linden sun sami haka tun 1980 a Kambirij: muddin ana ci gaba da zubo ruwan daga sama, saurin goshin kusan ɗaya ne daga digiri 5 har zuwa tsaye cak. Dalilin yana nan a bidiyonta. Gwargwadon tsananin gangare, gwargwadon yadda goshin ke kumbura yana haɗiyar ruwan da ke kewaye da shi, kuma wannan ruwan da ya haɗiya a tsaye yake, dole sai ya ja shi. Abin da gangare ya ƙara, gauraya ta cinye. A digiri 20 jan zoɓon yana isa ƙasa ya koɗe ya zama ruwan hoda, a digiri 5 kuwa yana isa da jansa.

Daga nan tambayarta ta sauya da kanta, kuma ni a ganina nan ne ta fara tunani irin na mai bincike. Ta ce ashe ba gudun ne abin tsoro ba, gaurayar ce abin dubawa. A iskar da muke shaƙa, kabon-dayoksaid ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 ba. Idan ta kai kashi 10, mutum yana suma cikin 'yan mintuna. Ke nan ko da iskar Nyos ta gauraya da iska mai kyau har ninki tara, tana nan da kisanta. Kwari mai faɗin ƙasa da sassaucin gangare, inda kwararar ke tafiya ba ta gauraya sosai, shi ne ya fi hatsari, kuma a irin wuraren nan mutane ke kafa gidaje saboda ruwa da ƙasar noma. Wannan ya dace da abin da aka sani cewa waɗanda ke kan tudu sun fi tsira. Ta kuma fahimci dalilin da ya sa bututun da aka dasa a tafkin suke aiki ba tare da inji ba. Tawagar Michel Halbwachs ta Faransa ta kafa na farko a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Bututun yana sauka har kusa da ƙasan tafkin, a ja ruwan sau ɗaya da famfo, da ya taso kumfa ya fito, sai ya ci gaba da tunkuɗo kansa yana feshi sama tsawon mita da dama. Fashewar 1986 ce dai, amma an sa mata linzami.

Wata na biyar ta so ta ɗauki sakamakon tankin ta faɗi saurin iskar 1986. Lissafin yana da jan hankali (a nan ba a raba amsar biyu, domin iskar da ke sama ba ta da iyakar zurfi irin na ruwan tanki): kabon-dayoksaid zalla mai kaurin mita 50 tana ba da kusan kilomita 56 a awa, idan kuma kashi 20 cikin 100 ce kawai kabon-dayoksaid, ya sauko kusan kilomita 25. Duka biyun ba su yi nisa da ƙiyasin da masana suka yi ba. Na bar ta ta rubuta, sannan na ce ta jera mini duk inda tankin ya saɓa da kwarin Nyos. Ta kawo abubuwa da dama, amma guda biyu ne masu nauyi. Na farko, lissafin da muka yi amfani da shi ya ginu ne a kan ɗan ƙaramin bambancin nauyi, alhali iskar zalla ta fi ta shaƙa da kusan rabi, kuma ko an narka gishiri har ruwa ya ƙi karɓa, ba zai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Na biyu, tankinmu miƙaƙƙe ne mai santsi, kwarin kuwa yana da lanƙwasa da bishiyoyi da rassa, ga shi ba wanda ya auna yawan iskar da ta fita a daren, shi ya sa ƙiyasin masana ya bambanta ninki-ba-ninki. A rahotonta ta bar lambobin biyu, ta rubuta a ƙarƙashinsu cewa suna nuna girman abin ne kawai, ba awonsa ba. Wani abokin aikina da ya karanta ya ce wannan sakin layin yana rage wa aikin kwarjini. Ban yarda da shi ba, na kuma ce mata kada ta taɓa shi.

Akwai abin da ba mu cimma ba. Mun so mu auna gaurayar da lamba, ta hanyar kwatanta duhun launi a hoto da yawan gishiri, amma hasken ɗakin yana canzawa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma ga hasken taga, kuma launin zoɓo yana sauyawa idan ya kwana. Sashen gaurayar ya tsaya a bayanin abin da ido ya gani. Da mun tanadi fitila mai batir da farin ƙyalle a bayan tankin tun farko, da an samu.

Ranar gabatar da rahoto, malamin da jami'arsu ta turo ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da na san za a yi. Ya ce, to idan tafkin ya sake fashewa, iskar za ta iso Takum? Ta ce, "Malam, tankina ba zai iya amsa wannan ba. Abin da aka sani shi ne ta 1986 ta tsaya a kilomita 25, kuma an rage iskar tafkin da bututu. Abin da ya sa aka gina Kashimbila ruwa ne, ba iska ba." Ta yi bayanin cewa bangon da ya tare arewacin tafkin, mai tsayin kimanin mita 40, tarin toka da tsakuwar aman wuta ne da ruwa ke zaizayewa, kuma a 2005 masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura sun yi gargaɗin zai iya karyewa, ruwan ya bi kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai. Ta ƙara da cewa idan ruwan sama ya zube, danniyar da ke kan ruwan ƙasa za ta ragu, don haka matsalolin biyu a ɗaure suke da juna, amma kowacce da lissafinta. Malamin ya sa hannu a littafinta, ya tambayi Baba nawa aka kashe wajen haɗa tankin, ya rubuta lambar mai yankan gilashin a bayan takardarsa.

Kafin ta tafi ta bar wa wanda zai zo bayanta shafi biyu a manne a jikin bangon da ke saman tankin: yadda ake tara ruwa tun dare, yawan zoɓon da ya isa, inda ake ajiye waya don kada hoton ya karkace. A ƙasa ta rubuta gwajin da ba ta samu lokacin yi ba, wato a maye gurbin gishirin da lallausan yashi da aka tankaɗe, a ga inda kwararar za ta mutu idan abin da ya ba ta nauyi yana zubewa a hanya, kamar yadda tokar dutse ke yi. Ɗalibin da muka karɓa bana ya fara da shi, kuma Baba ya riga ya samo rariya.